Fuskar da Mu'awiya Ya Sani

Shagona yana bakin hanyar tasha a Dogon Dutsi, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da kopto, kwaɗon zogale. Fotokopi nake yi, da buga takardu, da ɗaukar hoton kardante, wato katin shaida. In la'asar ta yi sanyi rumfar gaban shagon takan koma fada. A ɗora butar shayi, kowa ya jawo benci, a yi ta gyara duniya da baki har a kira magariba.

Mushe Luƙman ne ya kawo mana wasan. Malamin Faransanci ne a kolej, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransawa, daga Yamai aka turo shi, kuma tun zuwansa yake kukan garinmu ba abin yi sai shayi da gulma. Wasan ba shi da wuya. Shi ke ba da labarin wata ƙasa ta dodanni da matsafa, mu kuma kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya zama shi. In ka ce mutuminka zai tsallake rami ko zai sari dodo, sai ka jefa ɗan lido, abin da ya fito shi ne hukuncinka. Da farko dariya muka yi masa, ƙattin maza da iyali a zauna wasan 'yar tsana. Kafin sati biyu Illo mai kabu-kabu har fasinja yake ƙi don kada a shiga kogon dodo ba shi.

Hotunan ni ne da su. Mushe ya ce kowane mutum sai da kati mai fuskarsa, ya nuna mini injin nan na intanet da ake rubuta wa kamannin abu ya zano shi. Da Faransanci nake rubuta masa, don in ka yi masa Hausa sai ya yi kamar ya gane, ya kawo maka shirme. Na yi wa Illo wani ƙato mai ƙahon rago da gatari, injin ya ba shi yatsu shida a hannu ɗaya, Illo ya ce a bar su, ƙarin riƙo ne. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar hoton kardante, bakina ya saba da cewa mutum ya ɗago kai ya kalle ni. To haka nake yi wa injin. Layin farko kullum ɗaya ne, har na ajiye shi ina kwafowa: fuska sak gaba, ido cikin ido. Sai abin da ya biyo baya.

Mutum ɗaya ne a fadar ba ya wasa, Mu'awiya mai yadi. Unguwa ɗaya muka tashi. Yakan rufe shagonsa na kasuwa ya zo ya zauna a ƙarshen benci da gemunsa da ɗangalallen wando, ya sha shayinmu har kofi na uku, sannan ya tuna mini cewa ranar gobe ƙiyama za a ce masu yin hoto su hura wa abin da suka yi rai. Ni kuma in ce masa in an zo nan sai a tambayi injin, ni rubutu na yi. Ba mu taɓa ɓatawa a kan wannan ba, abin taɗi ne kawai.

Amma shi ba da wasa ya riƙe maganar ba. Shekarar da ya dawo karatu daga Sakkwato, yana ji da ƙuruciya da sabon sani, ya bi ɗakunan gidansu ya tattara layu da hotunan bango ya cinna musu wuta a tsakar gida. A cikinsu akwai hoton mahaifiyarsa guda ɗaya tak, wanda wani mai hoto mai yawo ya ɗauka a wani suna. Inna Asiya mai daddawa ce, daga wani ƙauye gab da Lugu aka auro ta, kuma kowa ya san tana da doguwar bori da take yi wa hidima. An ce ba ta ce masa uffan ba, ta jira wutar ta mutu ta share tokar. Daga nan ba ta ƙara yarda ta tsaya gaban mai hoto ba har Allah ya karɓi abinsa, bana shekara uku.

Wata Talata da hantsi, ba kowa a shagon, sai ga Mu'awiya. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gida.

"Ina son in shiga wasan ga naku," ya ce.

Na dube shi. Ruwa ba ya tsami banza.

"Malam da kanshi? To wane irin dodo za mu yi maka?"

"Ba dodo ba na. Mace ta. Tsohuwa, mai magani, wadda ka bin bayan ayari."

Na buɗe ordinatar, wato kwamfuta, na ce ya faɗi kamanninta. Ya ce baƙa ce, siririya, ba doguwa can ba. Tana da tsaga biyu-biyu daga gefen baki zuwa kunne. Baƙin saƙi take ɗaurawa. Tana da wushirya, kuma goro ya rina mata haƙora. Tun daga tsagar na gane ko wace ce, ni da na ci tuwon gidansu ya fi a ƙirga. Na ci gaba da rubutu.

Hoton farko ya fito da wata budurwa mai dogayen kunnuwa irin na aljanun wasan, da zinariya har wuya. Na yanke mata kunne, na ƙara mata shekara arba'in. Sai aka zo kan tsaga, nan na ga ta kaina. Injin nan bai taɓa ganin Ba'are da tsagarsa ta gado ba. Ya fara shafa mata farin fenti a kumatu. Na ce tabo nake so, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, ya kawo ta da ɗanyen ciwo yana zubar jini. Na uku ya yi mata gashin bakin kyanwa. Kwana biyu ina fama, ga rezon intanet yana zuwa yana tafiya, kafin na gano in na ce tsohon tabo ne, siriri, warkakke, launin fata, sai ya yi hankali. Na kira Mu'awiya ina fara'a.

Ya sunkuya ya duba. "Tsagar ta yi," ya ce. "Amma ba ita ba ta."

"Ba wa ba?"

Da ya ga ba amfanin ɓoye-ɓoye sai ya zauna kan kwalin takardu.

"Ka gane ai, Rabilu. Huskarta ka ɓace mini. In na ruhe ido ina ganin hannunta, ina ganin tahiyarta, har warin daddawar ina ji. Huskar ɗai ba ta zakuwa. Tsoro nika ji nan da baɗi in rasa ta baki ɗai. Kar ka hwaɗa ma kowa."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na yi masa alkawarin ba mai ji, kuma na ce za mu samo ta, wai ni mai injin da ba abin da ya gagare shi.

Da yamma ya shiga wasan kamar yadda ya ce. Fada ta ɗauki sowa, Illo ya ce yau ko dai alkiyama ta matso. Mu'awiya ya yi murmushi ya ce katinsa bai gamu ba tukuna, ya ajiye murfin kwalba a madadinsa. Mushe Luƙman ya ɗauko alƙalami ya tambayi sunan mutuniyar tasa, ya ce a rubuta Tsohuwa kawai. Mushe ya nace, wai dokar wasa ce kowa da sunansa. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur ya bari. Wa ya taɓa jin ɗan halak ya kama sunan uwarsa a fada?

Ya iya wasan fiye da zatonmu. Tsohuwar ba ta da surutu. Tana bayan ayari da ƙwaryar maganinta, in dodo ya yagi ƙaton Illo ta ɗaure masa ciwon ta ce gobe ma ya ƙara. In an tsaya shawara a mararraba ba ta sa baki sai kowa ya gama hayaniyarsa, sannan ta faɗi kalma uku a bi. Har Mushe ya fara gyara labarinsa don ta samu abin yi.

Hoton ne ya ƙi. Kullum da hantsi Mu'awiya zai bar yaron maƙwabcinsa da shago ya zo mu zauna. Na rage hanci, na ƙara hanci. Na zurfafa ido, na fito da ƙashin kumatu, na sauko da kallabi, na ɗaga shi. Ga kuma halin injin, in ka ce ya gyara haɓa sai ya canza maka mutum gaba ɗaya, kamar tela da aka kai wa ɗinkin aljihu ya warware riga. Wasu hotunan ni kaina sai gabana ya faɗi, don ina ganin Inna Asiya a ciki. Shi ko kallo ɗaya zai yi ya girgiza kai. In na ce me ya rage, sai ya ce shi ma bai sani ba, komai ya yi amma ba ita ba ce.

Sati uku, hoto arba'in da ɗaya. Ranar na arba'in da ɗaya an ɗauke kuran tun safe, na tayar da janareto don shi kaɗai, ga wasu 'yan makaranta uku suna jiran fotokopi a rana. Hoton ya fito, kyakkyawa, ya girgiza kai. Zuciya ta ɗebe ni.

"Malam, ni mai hotokopi na, ba ni tada matattu," na ce. "Ka ƙone na gaskiya da hannunka, yanzu ka zaka kana wahal da ni da na ƙarya."

Kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Bai rama ba. Ya tashi ya gyara hularsa, ya ce in yi haƙuri da ɓata mini lokaci, ya fita. Da yamma bai zo fada ba, washegari ma haka. Mushe ya ce a labarin Tsohuwa ta tsaya wani ƙauye jinyar mai haihuwa, za ta cim mana a gaba.

Kunya ta ishe ni, ga haushi bai gama sauka ba. A cikin wannan hali na yi abin da na yi alkawarin ba zan yi ba. Mu'awiya yana da ƙanwa, Husna, ita ce autarsu, tana aure a Kore Mairuwa. Na zaɓi hotuna uku da nake ganin sun fi kusa na tura mata a waya, ban rubuta komai ba sai tambayar ko ta san wannan matar. Na ce wa raina in ita ma ta ce ba ita ba ce, to hannuna ne bai iya ba, in haƙura.

Ko minti biyar ba a yi ba ta kira. Kuka take yi.

"Rabilu, ina kas samo ta? Ta tsakiya! Inna ta, wallahi Inna ta. Har yadda ta ka ɗage gira guda in za ta yi ma hwaɗa."

Ta tsakiyar ita ce ta ashirin da uku. Na tuna ta sarai, don wannan ko gama buɗewa ba ta yi ba Mu'awiya ya ce in wuce. Na gaya wa Husna komai, tun daga wasan har faɗan da na yi masa, na ce yayan nata dai wasa yake da hankalina.

Sai na ji tana dariya cikin kukan.

"To shi ina yas san idon Inna? Ɗan hwari na hwa. Ko sunanai ba ta kamawa, wancan ta ka ce mai. In ya shigo gaisuwa sai ta kau da kai wajen murhu, ta amsa ma tukunya. Tuwo ma da bayan hannu ta ka turo mai shi. Ni da nike auta, ni ad da idonta. Yaya kunci ɗai yas sani, da kunne."

Ba baƙon abu ta gaya mini ba. Tawa uwar har gobe ba ta kallon babban wanmu Rufa'i, mai jikoki, in ya zo sai ta sami abin tsincewa a faifai. Da idona nake ganin wannan tun ina rarrafe. Amma na zauna gaban inji sau arba'in da ɗaya ina umartar Inna Asiya ta ɗago kai ta kalli ɗanta na fari, abin da ba ta yi ba tana da rai. Ban taɓa jin wauta ta irin ta ranar ba.

Na tambayi Husna ta wane gefe. Ta ce murhun yana dama da ƙofar shiga, ita kuma Inna tana zama kan 'yar kujera tana fuskantar bango, saboda haka kuncin hagu ne. Ta ce in ba ta girki to tana murza daddawa a tafin hannu, idonta na kan aikin.

Na goge layin farkon nan nawa. Na mayar wa injin hoto na ashirin da uku na ce ya riƙe matar nan yadda take, ya juya mata kai dama, ya sauke idonta kan hannunta, ya rufe mata baki. Tsugune ba ta ƙare ba. Da ya juya ta sai tsagar ta gudu. Da tsagar ta dawo sai ya ƙara mata ƙiba. Sau ɗaya har ya ɗora mata mujiya a kafaɗa, don har yanzu yana zaton katin wasa muke yi. A na tara ta zauna. Kuncin hagu, tsaga biyu har kunne, hujin ɗan kunne ba ɗan kunnen, bakin kallabi ya ɗan zame. Ido ɗaya ake gani, shi ma rabi, yana kallon ƙasa. A matsayin hoton kardante ko kati, ba wanda zai karɓi wannan.

Bayan azahar na tafi kasuwa da ƙafata. Na same shi yana auna wa wata mata atamfa. Na jira ya sallame ta, na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa. Ya ce ya wuce, ai ba ƙarya na yi ba. Na ce ya zo ya duba guda ɗaya, in bai yi ba na rantse ba zan ƙara tayar da zancen ba. Ya sauke labulen shago ya biyo ni.

Na tura ƙofar shagona rabi, na juya masa allon ordinatar.

Bai girgiza kai ba. Ya kai hannu baya yana laluben kwalin takardu, ya zauna ba tare da ya ɗauke ido ba.

"Inna," ya ce.

Sai kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, wanda ba ƙara sai kafaɗa. Na juya na shiga buɗe cikin injin fotokopi ina neman takardar da ba ta maƙale ba. Na daɗe a ciki.

Da ya share fuska da hannun riga ya tambaye ni yadda aka yi na gano. Na so in ce basira ce, amma na faɗa masa gaskiya, na ce na karya alkawari, Husna ce. Na jira faɗa. Tambaya ya yi.

"Wace ta zaɓa?"

Na buɗe ta ashirin da uku na ajiye ta kusa da ɗayar. Ga mace ɗaya sau biyu a allo, ɗaya ta kau da kai, ɗaya tana kallonsa ido cikin ido da girarta a ɗage. Ya dubi mai kallon nasa. Ba a jima ba ya sauke kai ƙasa, ya sake ɗagowa, ya sake saukewa.

"Husna tac ce ita ta?"

"Tac ce har girar."

"Ashe haka ta ka dubin mutum," ya ce a hankali. "Shekara talatin da ɗaya muna gida guda, ban sani ba. Na san so na, Rabilu, kowa ya san kunya ta. Amma wallahi ina jin kishin Husna yanzu. Allah shi gahwarta mini."

Sai na koma ga sana'ata. Na ɗauko takarda mai kauri na tambaye shi wacce zan buga. Na ce in yana so injin zai iya haɗa su, a ɗan juyo da ita rabi, ta zama tana kallonsa ta gefen ido.

"A'a, kar ka taɓa ta," ya ce da sauri.

Ya ƙara duban mai kallon nan, wannan karon ya daɗe bai sauke ido ba. Sannan ya nuna ta da haɓa.

"Wagga ka sa ta ambulan, direban Kore Mairuwa shi kai ma Husna. Uwarta ta." Ya mayar da ido kan wadda ta kau da kai. "Buga mini tawa."

Na buga. Ya karɓa da hannu biyu tun takardar tana da ɗumi.